Na gwada masu ba da shawara ta waya kan damuwar gida

Riƙon ƴaƴan marigayi yayana ya dawo kaina, ga nawa, ga kuɗin makaranta ga ƙananan maganganun dangin miji, barci ya ƙaurace min gaba ɗaya, shi ne wata ƙawata ta turo min lambarsu. Tiransifa ake yi, su sa miki lokaci, sai a yi kiran bidiyo ko na murya ta WhatsApp, kusan minti 50.

Sirrin ne ya fi burge ni wallahi. Mu nan kina cewa za ki ga likitan ƙwaƙwalwa sai a fara raɗe-raɗin Dawanau za a kai ki, amma wannan ina ƙuryar ɗaki, yara sun tafi Islamiyya, ba wanda ya sani. Matar da suka haɗa ni da ita tana jin Hausa sosai kuma ba irin "ki yi haƙuri, zaman aure sai haƙuri" ɗin nan da muka saba ji ba, tambaya take yi ta bar ni in amayar da abin da ke cina. Ta sa na riƙa rubuta tunanin da ke taso min da daddare a littafi mu bi shi ɗaya bayan ɗaya, har yadda zan ce wa uwar miji a'a ba tare da rashin kunya ba sai da muka gwada.

Inda suka gaza, netwok. Ina cikin kuka kira ya katse, haushi kamar in jefar da wayar, ga data, kuɗin ma ba na kowa ba ne gaskiya. Kuma ba sa rubuta magani, ta faɗa min tun farko in abu ya kai tunanin kashe kai asibiti za a nufa, irin na Malam Aminu Kano ko na Barnawa a Kaduna.