Tauraro biyu a Jibiya, tauraro biyu a Maraɗi

Ɗan'uwa, na karanta tambayar da ka kawo wa jama'ar wannan zaure bayan dawowarka daga Katsina. Ka ce a wani shinge da ke gaba da Jibiya ka ga wani soja matashi, wanda bai wuce sa'ar ƙanenka ba, ɗauke da taurari biyu a kafaɗa yana leƙa motoci cikin rana, alhali a nan gida Nijar mai taurari biyu janar ne, kuma ba a saba ganin janar a tsaye bakin kwalta ba. Ka kuma lura cewa hularsa ta kwanta ta wani gefe dabam da na sojojinmu. Idonka bai ruɗe ka ba. Yaron da ka gani laftanar ne, wato daidai da wanda muke kira mai galo biyu a nan, mai layi biyu a kafaɗa, kuma tsakaninsa da muƙamin janar akwai tafiyar shekaru masu yawa.

Tushen bambancin shi ne gidan da kowace runduna ta tashi. Sojan Najeriya ya samo asali daga ƴar rundunar da wani Bature mai suna Gulaba ya haɗa a Ikko a 1863, wadda ake kira da sunan Hausawa saboda su ne mafi yawan mutanenta, sannan daga rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa a 1897. Namu kuwa ya gaji rundunar baƙaƙen sojojin Faransa da aka kafa a Senegal a 1857, wadda daga baya ta kwashi samari daga dukan ƙasashen da Faransa ta mallaka. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne kakannin ɓangarorin biyu duk jar dara suka sa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi wa Faransa soja, kuma har ya rasu jar hularsa tana naɗe cikin wani ƙyalle a ƙasan akwatin ƙarfe, tare da littafin fanshonsa. Ta koɗe har ta koma launin jan bulo, amma bai taɓa yarda yaro ya ɗora ta a ka don wasa ba. Da a ce ka jera shi da tsohon sojan Ingila na Katsina a wancan zamani, daga nesa da wuya ka raba su. Daga baya ne kowa ya bi sawun ubangidansa wajen hula da alamun muƙami, kuma samun ƴancin kai a 1960 bai kankare wannan gado ba.

Mu fara da hular, tunda ita ido ke fara cin karo da ita. A tsarin Faransa, wanda muke bi, tambarin hula yana zama ta gefen dama, a janyo sauran hular ta kwanta ta hagu. A tsarin Ingila, wanda Najeriya ke bi, tambarin yana zama daidai saman idon hagu, hular ta kwanta ta dama. Ko a Faransa akwai waɗanda suka fita daban, su ne kwamandojin sojan ruwa, waɗanda ke sa tasu irin ta Ingila domin a can aka kafa su, aka kuma horar da su a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu. Wannan kwanciya da kake gani aiki ake yi mata: sabuwar hula takan zo a buɗe kamar faifai, sai soja ya jiƙa ta da ruwa, ya kafa ta a kansa, ya yi ta lallaɓa ta da tafin hannu har ta bushe a siffar da ake so, wasu ma har reza suke bi da ita su aske gashin ulun don ta yi sumul.

Launi ma yana iya yaudarar baƙo. Jar hula a wurinmu ta ƴan Garda ce, rundunar da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. A sojan Najeriya kuwa jar hula ta ƴan sandan soja ce, masu ladabtar da sojan da ya karya doka, kamar yadda take a Ingila. A Faransa kuma yawancin masu dira da laima ne ke sa ta. Haka nan Najeriya ba ta da jandarma sam, don haka kada ka tsaya neman takwaransa a can, kuma koriyar hula a kan hanyar Katsina tana iya zama ta ɗan sandan kwantar da tarzoma.

Yanzu sai kafaɗa, inda tambayarka ta fi nauyi. A tsarinmu hafsa yana hawa ne da galo, wato ƴan layuka miƙaƙƙu da ake jerawa. Ƙaramin laftanar yana da ɗaya, laftanar biyu, kyaftin uku, kumandan huɗu, laftanar-kanar biyar masu launi biyu a gauraye, kanar kuma biyar masu launi ɗaya. A sahun janar-janar kuwa taurari ake ƙirgawa, kuma daga biyu ake farawa: birgediya biyu, na gaba da shi uku, sai huɗu, sai biyar wanda shi ne ƙololuwa. Shi ya sa idon ɗan Maraɗi, da zarar ya ga tauraro, sai ya ɗauka babban mutum ne.

A Najeriya tauraro shi ne matakin farko na hafsa. Ƙaramin laftanar yana da ɗaya, laftanar biyu, kyaftin uku. Hausawan can anini suke ce masa, ka ji an ce wane ya sami anini biyu, sunan da ya fito daga tsohon kuɗin nan mai huda a tsakiya na zamanin Ingila, wanda aka zana wa tauraro mai tsini shida. Daga manjo sai mikiya ta shigo, a gurbin kambin sarautar Ingila da hafsoshin can ke ɗauka. Manjo mikiya ce ita kaɗai, laftanar-kanar mikiya da tauraro ɗaya, kanar mikiya da biyu, birgediya mikiya da uku. Daga manjo-janar zuwa sama sai a ƙara takobi da sanda a gicciye. Akwai kuma wata alama da ta fi waɗannan saurin ganewa, ita ce ɗan jan ƙyalle a wuyan riga, wanda ake fara sawa daga muƙamin kanar. To ka ga taurari biyu kaɗai, babu mikiya, babu ja a wuya, ƙaramin hafsa ne wanda bai daɗe da barin makarantar horon hafsoshi ba.

A ganina tsarinmu ya fi sauƙin karantawa ga wanda ya iya ƙirga, domin daga ɗaya zuwa biyar babu kwana, sai dai raba laftanar-kanar da kanar yana bukatar ka matso kusa ka duba launi. Na Najeriya yana bukatar hadda, amma jan wuyan nan yana sanar da kai tun daga ƙofar bariki cewa mai zuwa ba ƙaramin mutum ba ne.

Wannan saɓani yana shiga har cikin labaran rediyo. A ƙirgar baka ta Najeriya, ba ta kafaɗa ba, birgediya janar ne mai tauraro ɗaya, cikakken janar kuma mai huɗu, alhali a nan birgediya biyu gare shi. Janar Abdurahman Tiani yana da taurari biyu lokacin da ya karɓi mulki a Yulin 2023, sai a ranar 26 ga Maris 2025 aka ɗaga shi zuwa biyar. Kalmar kumandan ma tana rikita mutanen can, domin sukan ji ta kamar kwamanda, shugaban runduna, alhali muƙami ne daidai da manjo. Shi ne muƙamin Dauda Malam Wanke lokacin da ya karɓi mulki a 1999, kuma a kan wannan mataki Salu Jibo yake da ya karɓi nasa a Fabrairun 2010. Muna kuma da kanar-manjo, tsakanin kanar da birgediya, irin muƙamin Amadu Abdurahman da ya karanta sanarwar juyin mulki a daren 26 ga Yuli 2023, kuma sojan Najeriya ba shi da wannan mataki.

Na ƙasa da hafsoshi ba za su ɗauke mu lokaci ba. A can igiya ake ƙirgawa, ɗaya, biyu ga kofur, uku ga saje, tsininta yana kallon ƙasa, yayin da a tsarin Faransa yake kallon sama. Ajidan namu shi ne ya fi kusa da samanjan can, dattijon bariki da ƙaramin hafsa mai hankali ke sauraren shawararsa. Tambarin sojan ƙasa na Najeriya kuwa, in ka sami damar dubansa, mikiya ce bisa tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a ƙasa mai cewa nasara daga Allah take.

Akwai abu ɗaya da sojanmu ya riƙe wanda bai jira izinin kowace Turai ba, shi ne rawani. Wanda ya yi aiki a Agadas ko Dirku ya san hular ulu ba ta tare yashi da iskar hunturu, don haka sojojin sahara sukan naɗa rawani su rufe hanci da baki, al'adar da ta zo tun zamanin sojojin raƙuma. A irin wannan shiga hula ba za ta gaya maka komai ba, sai ka dubi tutar da ke hannun riga, sannan ka dubi ƙirji, domin a kakin fagen daga sau da yawa a nan ake maƙala galo maimakon kafaɗa.

Tunda kana yawan bin hanyar Ɗan Isa, ka ja kunnen yaran motarka game da wandon nan mai dabbare-dabbaren soja da hula hana-salla irin tasa da ake samu a tulin gwanjo. Dokar ƙasashen biyu ta haramta wa farar hula sa kakin soja ko alamun muƙaminsa, kuma a wannan yanki da ƴan bindiga ke shigar burtu da kaki, mai tsaron shinge ba zai tsaya tambayar nawa aka saya ba.