Na bi yawon fatalwa a tsohon garin Edinbara, ga abin da na gani

Tun da na dawo ake ta tambayata wai da gaske na biya kuɗi aka kai ni maƙabarta da daddare, to eh da gaske ne, kuma bari in faɗi yadda abin yake saboda duk wanda hanya ta bi da shi Edinbara ta ƙasar Sikotland sai ya ci karo da masu tallan abin nan a bakin titi, sanye da baƙar alkyabba da doguwar hula suna miƙa wa mutane takarda. Yawon fatalwa suke ce masa. Ɗan jagora ne zai kwashe ku a ƙafa bayan duhu ya yi ya zaga da ku tsohon gari, yana ba ku labarin waɗanda suka mutu a wurin da waɗanda ake cewa wai har yau ba su bar wurin ba.

Ni dai ban je neman fatalwa ba. Abin da na yi imani da shi, wanda ya mutu ya tafi, yana can da abin da ya aikata, ba ya dawowa lungu yana jan rigar mutane. Ƙanwata ce ta matsa, karatun likita take yi a Ingila, ta ce Yaya don Allah mu je, akwai labarin masu sayar da gawa da aka taɓa ba mu a aji ina so in ga unguwar da idona. Muka yanki tikiti ta intanet, kusan fam 20 kowa, yawon kuma ya ɗauke mu wajen awa biyu. Watan Nuwamba ne, kafin ƙarfe biyar gari ya yi duhu ɗim, sai muka yi isha'i a babban masallacin da ke Potterrow muka tako a ƙafa zuwa wurin haɗuwa, gefen cocin St Giles a kan titin Royal Mile. Mun kai mu ashirin da wani abu, yawanci baƙi ne 'yan yawon buɗe ido.

Wata mata ce ta ja mu, ba yarinya ba ce, kuma gaskiya ta san aikinta. Turancinta irin na 'yan Sikotland ne, minti goman farko sai da na matsa kusa da ita sosai kafin kunnena ya saba. Abin da ya fara burge ni da ita shi ne in abu tarihi ne za ta ce wannan a rubuce yake, in kuma labarin baka ne za ta ce wannan haka ake faɗa. Ta nuna mana wata zuciya da aka jera da duwatsu a ƙasa inda mutanen gari ke tofa yawu in sun zo wucewa, ashe nan ne tsohon gidan yarin garin yake kafin a rushe shi a 1817. Ta zagaya da mu bayan cocin, wurin ajiye motoci ne yanzu, ta ce da can maƙabarta ce, kuma babban malaminsu John Knox yana kwance a wajen lamba 23 inda ake faka mota. Wallahi nan na fara jin wani iri, mutum da girmansa a idon mutanensa ga taya a kansa.

Daga nan muka shiga lunguna. Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano zai gane abin da nake nufi, sai dai waɗannan gangara ne masu santsi kuma ginin ya yi sama har ba ka ganin sararin samaniya sai ɗan siriri. Dalili kuwa ganuwa ce. Bayan Ingila ta ci 'yan Sikotland da yaƙi a Flodden a 1513 suka kewaye garin da katanga saboda tsoron Ingila, mutane suna ƙaruwa fili ba ya ƙaruwa, sai aka dinga ɗora bene kan bene har hawa goma da ɗoriya, ba famfo ba masai, da dare a watso ƙazanta ta taga ta gangara zuwa wani tafki da ake kira Nor Loch, wanda yanzu an janye ruwan ya zama lambun Princes Street da mutane ke zama suna shan iska. In ka ji wannan ba za ka yi mamakin annobar da ta auka musu a 1645 ba. Ta kuma yi maganar matan da aka ƙona a kan tudun da ke gaban fadar garin bisa zargin maita, bayan dokar da aka kafa a 1563, yawancinsu talakawa ne marasa gata. Wannan ya tsaya min a rai don mu ma mun san yadda ake nuna tsohuwa da yatsa a unguwa a ce mayya ce, kuma mun san inda abin yake kaiwa.

Inda kuɗina ya fita shi ne ɗakunan ƙarƙashin gadar South Bridge. In kana tafiya a sama ba za ka taɓa cewa gada ba ce, titi ne da shaguna hagu da dama. An gama ta a 1788, tana da baka 19 amma guda ɗaya kawai ake gani, wanda ya ratsa ta kan titin Cowgate, sauran an rufe su da gidaje, cikinsu kuma aka yanka ɗakuna sama da 100. Da farko masu sana'a ne a ciki, dukawa da masu ajiye kaya da masu gidan giya, to amma ba a yi wa gadar abin hana ruwa ba, ruwa ya dinga tsatsafowa, cikin 'yan shekaru masu hali suka kwashe kayansu suka fita, sai waɗanda ba su da wurin kwana suka shigo. Iyali guda a ɗaki ɗaya, ba taga, ba iska, ba hasken rana ko na minti ɗaya. Daga baya aka cike wurin da ɓaraguzai aka manta da shi sai a shekarun 1980 aka sake tono shi.

Mun sauka ta wata ƙaramar ƙofa, matakala ƙanƙanuwa, matar tana riƙe da kyandir. Warin danshi ne ya fara tarar mu, bango yana zufa, kana jin ɗigon ruwa a wani wuri da ba ka gani. Ta tara mu a ɗaki ɗaya ta ba da labarin wani yaro da wai yake kama hannun mata, da wani mai manyan takalma da wai ake jin takunsa, sannan ta ce za ta hure kyandir na ɗan lokaci. Ta hure. Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, ko ɗauke wuta a tsakiyar dare akwai ɗan hasken da ke shigowa ta taga, wannan kuwa ko tafin hannunka ba ka gani. Ƙanwata ta damƙe min hannu tana karanta Ayatul Kursiyyu a hankali. Ni ban ji taku ba, ba wanda ya taɓa ni, abin da ya zo min kawai shi ne akwai matar da ta yi naƙuda a cikin wannan duhun, akwai yaron da ya yi tari ya mutu a nan ba wanda ya rubuta sunansa. Tsigar jikina ta tashi sosai kuma ba don fatalwa ba.

A nan ne aka zo kan labarin da ya kawo ƙanwata, Burke da Hare. A lokacin Edinbara ta yi suna wajen koyar da likitanci, ɗalibai sun yi yawa gawar da doka ta yarda a fede ta yi kaɗan, sai gawa ta zama haja. Su waɗannan biyun ba tonon kabari suka yi ba, a 1828 suka kashe mutum 16, su jawo mutum masauki a unguwar West Port su ɗirka masa giya su toshe masa numfashi, su kai wa likita Robert Knox ya biya su har fam 10 kan kowace gawa. Hare ya ba da shaida aka sake shi, Burke aka rataye shi a Janairun 1829 aka fede gawarsa a gaban jama'a, ƙwarangwal ɗinsa har yau yana jami'ar Edinbara. Likitan kuwa ba a gurfanar da shi ba. Wani a cikinmu ya tambaya ko a ɗakunan nan suke ɓoye gawarwakin, matar ta ce ana faɗa amma ba hujja, kuma na ji daɗin da ta faɗi haka don da ta ce eh duk za mu yarda.

Sai maƙabartar Greyfriars, kuma nan ne raina ya ɓaci. Tarihin wurin mai nauyi ne. A nan aka sa hannu kan yarjejeniyar 1638 ta waɗanda suka ƙi yarda sarki ya tsara musu yadda za su yi ibada, kuma a 1679 bayan yaƙin Bothwell Bridge aka tsare kusan mutum 1,200 daga cikinsu a wani fili da ke jikin maƙabartar, wata da watanni a waje cikin ruwa da sanyi, abinci ɗan burodi. Sama da 250 aka loda a jirgin ruwa za a kai su bauta a ƙetare, jirgin ya kife a kusa da tsibiran Orkney kusan 200 suka nutse. Mun tsaya a bakin ƙofar ƙarfen filin muna leƙe. Can gefe ga hubbaren George Mackenzie, lauyan sarki da ya tsananta musu, ya mutu a 1691, shi ne ake cewa wai fatalwarsa tana yakushin mutane. Matar tana cikin bayani kowa ya yi tsit, kawai sai wani ƙato da abin rufe fuska ya diro daga bayan kabari yana ihu, ashe cikin shirin ne. Aka watse ana ƙara ana dariya, wata ta faɗi ta buge gwiwa, wasu suka tattake kaburbura. Haba. Mutanen nan da ake ba da labarinsu a kan addininsu suka mutu, ko ba addinina ba ne, kuma mu an koya mana in ka shiga maƙabarta ka sassauta murya, ba a taka kabari ba a zama a kansa. Ba a kuma faɗa mana a wajen yankan tikiti cewa akwai wannan ba, da mai ciwon zuciya ko mai ciki a cikinmu fa? Na faɗa wa matar a ƙarshe, ta saurare ni da mutunci ta ce tsarin kamfani ne.

In za ka je, tambaya tun farko ko akwai mai tsoratarwa, akwai waɗanda tarihi zalla suke yi. Duba kuma ko tikitin ya haɗa da giya a ƙarshe don wasu haka suke sayarwa. Sa takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi mai kauri, kar ka kai ƙananan yara, mai ciwon gwiwa ko asma ya haƙura da ɗakunan ƙasan. Ni zan ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan ƙaton nan ne ya cinye shi.

Washegari ƙanwata ta wuce gidan tarihi na Surgeons' Hall ganin ɗan littafin aljihun da aka ce da fatar Burke aka yi bangonsa, ni na ce ba zan iya ba. Na koma Greyfriars da rana ni kaɗai, na ga kejin ƙarfen da ake ɗorawa kan sabon kabari don kar a sace gawa, daren jiya mun wuce ta gefensa a guje ba wanda ya nuna mana.