Wasiƙa daga Sifaniya game da garin Sabta

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kowa yana lafiya, ina roƙon a miƙa gaisuwata ga Inna da sauran mutanen gida. Na samu na leƙa Sabta, wadda Turawa suke kira Ceuta, kuma na duba maka batun da ka tambaya, wato ko arahar kayan da ake faɗa ta kai mutum ya yi sari a can.

Garin yana gaɓar Afirka ne, jingine da Maroko, amma a hannun Sifaniya yake, kuma daga Aljesiras, wani gari mai tashar jiragen ruwa a kudancin Sifaniya, jirgin ruwa yana kai mutum cikin kimanin awa ɗaya. Girmansa bai wuce murabba'in kilomita 19 ba, mutanensa kuwa sun ɗan haura 80,000, Kirista da Musulmi a cakuɗe, har ma Babbar Sallah ranar hutun gwamnati ce tun 2010. Fotugal ce ta ci shi da yaƙi a 1415, ya tabbata a hannun Sifaniya a 1668, Maroko kuma har gobe cewa take yi nata ne. Ganuwarsa tana nan daram, da gwalalo mai cike da ruwan teku wanda ƙananan jirage suke ratsawa da baƙi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne a nan aka haifi Alƙali Iyal a 1083, mai Ashafar da ake karantawa a masallacin unguwarmu da azumi.

Asalin arahar haraji ne. A sauran Sifaniya ana ɗora kashi 21 cikin ɗari a kan yawancin kaya, a Sabta kuwa harajin gari ne wanda ba ya wuce kashi 10, shi ya sa turare da agogo da wayar hannu suke da ɗan sauƙi. Sai dai sauƙin bai taka kara ya karya ba, domin garin yana wajen yankin kwastan na Tarayyar Turai, duk wanda ya ɗebo kaya da yawa sai ya biya a Aljesiras, kuma idan ka haɗa da kuɗin jirgi da na aikawa gida, ka mayar da yuro zuwa naira, turaren da ke Sabon Gari ya fi shi araha. Ga shi babu ciniki: kuɗin da aka liƙa a jikin kaya shi ne kuɗinsa, ko da dozin goma za ka ɗauka.

Kasuwar da ta yi wa garin suna ma ta mutu. A da, dubban mata 'yan Maroko ne suke goya dilolin barguna da tufafi da kayan abinci su tsallaka da su ta mashigar Tarajal, har Maroko ta tsayar da wannan fito a ƙarshen 2019, shekarar da aka rufe mana iyaka ta Jibiya da Illela. Wani dattijo mai kanti ya nuna mini jerin rumbunan ajiya a garƙame kusa da mashigar, abin da duk wanda ya san Maraɗi a lokacin zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Yawancin kayan miya yanzu ta jirgin ruwa suke zuwa daga Sifaniya, saboda haka tumatir da albasa sun fi na birnin Malaga da ke kudancin Sifaniya tsada, alhali gonakin Maroko suna nan kusa. Nama na halal dai ba a wahalar nemansa, kuma mai kifi a babbar kasuwa yakan auna maka a sikeli, ya kankare, ya yanka, ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Inda suka yi mana nisa shi ne hidima. Garin ba shi da kogin kirki, ruwan teku ake tacewa a cire masa gishiri, amma famfo bai ɗauke ba dare da rana. Wutarsu ta yi shekaru tana fitowa daga manyan injinan dizal, duk da haka ban ji ƙarar janareta a ƙofar kowa ba. Mazauna garin rubu'in kuɗin jirgi kawai suke biya, gwamnati ta cika sauran, mu baƙi kuwa cif muke biya. Da iska ta tashi aka soke jirgin da zan dawo a ciki, saƙo ya shigo wayata, aka mayar da tikitina zuwa jirgi na gaba ba tare da na roƙi kowa ba, ko da yake abincin cikin jirgin ya yi tsada ƙwarai.

Akwai abin da nake so ka faɗa wa samarin gida masu cewa da an shiga Sabta an shiga Turai. Shingen waya mai tsawon kusan kilomita 8 ya kewaye garin ta tudu, kuma a Fabrairun 2014 mutum 15 suka nutse a Tarajal suna ƙoƙarin zagaye shi da iyo. Wanda ya shiga ma bai tsira ba, domin kafin a hau jirgin Aljesiras 'yan sanda suna duba fasfo da katin zama, ni kaina sai da aka juya nawa gaba da baya kafin a bar ni in wuce.

Wassalam, daga ƙaninka.