Yaro mai zazzaɓi: magani nan take, ko gwajin jini tukuna?

Da damina, ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi takan tsinci kanta tsakanin hanyoyi biyu idan aka kawo yaro jikinsa zafi rau.

Ta farko, ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, ta miƙa ACT, wato haɗin magungunan da ake bayarwa don wannan zazzaɓin. Akwai sauri, uwa ta tafi hankalinta kwance, kuma a watan Agusta sau da yawa hasashen yakan dace. Sai dai ranar da bai dace ba, yaro mai ciwon huhu ko sanƙarau zai koma gida da maganin da ba nasa ba, cutar na ci gaba da cin sa.

Ta biyu, a soki ɗan yatsa a yi RDT, wato gwajin jini na gaggawa mai gano zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi kafin magani tun 2010. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Ni nan na fi karkata, domin idan gwajin bai nuna komai ba, dole ta ƙirga numfashi, ta duba wuya da kunne, don neman wata cutar. Amma shi ma yana da nasa ruɗi: yakan ci gaba da nuna cutar makonni bayan an warke, don haka fitowar layi biyu, alamar an ga cutar, ba ta hana wata cuta ɓuya.

Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ba a riƙe shi jiran sakamako. A ba shi taimakon farko, a tura shi babban asibiti.