Python ko Fortran: da wanne ajin ɗalibai zai fara?

Ɗan'uwa, ka ce ku ɗaliban fiziks kun haɗa ajin yamma na sa kai, na gaba suna koya wa na baya yadda ake warware lissafin fiziks da kwamfuta, amma kanku ya rabu kan yaren kwamfutar da za ku fara da shi. Ni dai Python zan ce, sai dai bari in jera maka su ka gani.

Fortran dattijo ne. Tun 1957 kamfanin IBM ya fito da shi, kuma don lissafin kimiyya aka yi shi. Har gobe da yawa daga manyan manhajojin hasashen yanayi da shi suke aiki. Wajen gudu kam ba a magana. Amma kafin ka ga sakamako sai ka fayyace nau'in kowane adadi, ka juya rubutun zuwa yaren inji da manhajar gfortran, ka zuba lambobin a fayil, sannan ka nemo wata manhajar ta zana maka su.

Python kuwa a 1991 ya fito. In ka haɗa shi da NumPy mai taya shi lissafi da Matplotlib mai zane, lissafin dutsen da aka cilla sama iska tana rage masa gudu, layi ashirin ya ishe shi, zanen kuma ya bayyana nan take. A nan maganar take. Ajinku ba maki, ba jarrabawa, ba mai kiran suna. Wanda ya yi mako uku bai ga komai ba sai saƙon kuskure, to ka yi sallama da shi.

Inda Python yake ɗingishi shi ne maimaici, wato a sa kwamfuta ta yi ta maimaita lissafi iri ɗaya. Ɗauki taurari 1000, kowanne yana jan kowanne: haɗuwa 499,500 ke nan a kowane mataki guda na lissafin motsinsu. Ka rubuta wannan da Python zalla, har ka yi gyangyaɗi bai gama ba. Abin dariyar ma, idan SciPy, kunshin lissafin kimiyya na Python, yana warware maka matiris (lambobin da aka jera layi-layi), wani kunshi mai suna LAPACK yake kira ta ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa da Fortran aka rubuta shi. Don haka ku ware wa Fortran zama biyu a ƙarshen zango, ku sake rubuta lissafin taurarin da shi, kowa ya duba agogo.

Akwai kuma ramin da duka biyun suke faɗawa. Ku ba su ƙwallon da aka rataye da zare yana lilo, su lissafa shi da hanyar Euler mai sauƙi, wadda take bin motsi mataki-mataki, tana amfani da tsohon gudu wajen lissafa inda ƙwallon ya kai. Lilon zai riƙa ƙaruwa alhali ba wanda ya tura shi, da kowane yare aka rubuta. Kada ku yi saurin gaya musu dalili, ku bari su yi ta musu. Daga baya ku sa su fara sabunta gudun ƙwallon, sannan su yi amfani da sabon gudun wajen lissafa inda ya kai. Layi ɗaya aka taɓa, lilon ya daidaita.