Kashi cikin ɗari ko "huɗu da ɗaya"? Lissafin karta a fadarmu

A fadarmu ta Birni, nan Damagaram, wani ƙanena ya kawo wasan poker daga wayarsa. Da ƙwallon dabino muke yi, ba kuɗi, kada liman ya ji labarinmu. Gardama ta tashi kan yadda za a faɗi damar fitowar katin da mutum ke jira.

Ga misali. Kati 52 ne, kana riƙe da kubi biyu, an buɗe uku a tabarma, biyu cikinsu kubi. Kubi ɗaya kake jira ka cika biyar iri ɗaya. Cikin kubi 13, saura 9 cikin kati 47 da ba ka gani ba.

Ƙanen nawa ɗan lissafi ne, sai ya raba 9 da 47, ya ce kashi 19 cikin 100 a katin gaba, kusan kashi 35 idan za a buɗe biyu. Wannan ya fi daɗin fahimta, kuma yana da gajeriyar hanya: ninka 9 sau 2, ko sau 4, ka samu 18 da 36. Amma hanyar tana zamewa idan katunan da kake jira sun yi yawa. 15 sau 4 zai ba ka 60, alhali 54 ne.

Ni kuwa, ɗan kasuwar Dole, na fi son ɗaya hanyar, ta "huɗu da ɗaya". Kati 38 ba naka ba ne, 9 naka, wato kusan 4.2 da 1. Idan ƙwallo 40 ke tsakiya aka ce ka zuba 10, ribar 4 da 1 ce, ba ta kai 4.2 da 1 ba. Kafin shayi na biyu ya tafasa na riga na ajiye katina, shi yana can yana danna waya.