Asibitin yara da ya auna maƙogwaron ɗana, ya kuma ƙi rubuta masa magani

A hunturun da ya wuce, 'yata mai shekara 7 ta kwanta sau biyu da ciwon maƙogwaro mai tsanani cikin wata biyu, shi ya sa muka bar kemis ɗin unguwarmu a Pantami muka nufi wani asibitin yara mai zaman kansa a cikin garin Gombe. Abin da na gani a wurin shi nake son in bayyana wa iyaye, da alherinsa da kuma gazawarsa.

Likitan bai taɓa takardar rubuta magani ba sai da ya haska bakin yarinyar da tocila, ya nuna mini ɗigo-ɗigon farar mugunya a gefe biyu na maƙogwaronta, ya kuma taɓa kaluluwar da ta kumbura a ƙasan haɓarta. Ya tambaya ko tana tari ko majina, muka ce babu, sai ya ce zazzaɓi da mugunya da kaluluwa ba tare da tari ba su ne ke sa a zargi ƙwayar bakteriyar da ake kira sitireptokokas ta rukunin A, alhali yawancin ciwon maƙogwaron yara bairos ne ke kawo shi, wanda maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai. Nas ta goga ɗan tsinke mai auduga a can cikin bakinta, aka kai ɗakin awo, sakamako ya tabbatar da zarginsa, aka ɗora ta a kan amoksisilin na kwana 10 tare da gargaɗin kada mu tsaya don ta ji sauƙi a kwana na uku.

Ni ne na matsa a auna yayanta mai shekara 9, duk da lafiyarsa ƙalau, domin raina ya ba ni cewa wani a gidan ne yake sake harba mata cutar. Likitan ya ce ba a saba auna yaron da ba ya ciwo ba, amma ya yi mini yadda nake so. Da sakamako ya nuna ƙwayar tana maƙogwaron yaron, hankalinmu ya tashi. Mahaifiyarsa ta ware masa kofi da cokali tun daren, kakarsa kuma ta fara maganar a kira wanzami ya cire masa belu.

A nan ne asibitin ya burge ni. Likitan ya zaunar da mu kusan minti 20, ya ce: "Alhaji, ɗanka mai ɗauke da ƙwayar ne, ba marar lafiya ba ne." Ya bayyana cewa a cikin yara 'yan makaranta ana samun kusan ɗaya cikin goma, wani lokaci fiye, da ƙwayar ke zaune a maƙogwaronsu tsawon makonni ko watanni ba tare da ta tayar da ciwo ba. Irin waɗannan yara ba kasafai suke yaɗa ta ba idan aka kwatanta da yaron da ke cikin zazzaɓi da ciwon wuya, kuma hatsarin da ake tsoro, wato zazzaɓin gaɓoɓi da kan biyo bayan ciwon da sati biyu zuwa uku har ya lalata ƙofofin zuciya, kaɗan ne ƙwarai a wurinsu. Wanda ya fi cancantar a kula da shi shi ne marar lafiyar, kuma ko ita ta daina yaɗa cutar bayan kwana guda da fara magani.

Bai tsaya nan ba, sai da ya bi mu da tambayoyi: ko a danginmu akwai wanda ya taɓa yin wannan zazzaɓin gaɓoɓi, ko akwai wanda ake yi wa allurar fenisilin duk wata saboda zuciya, ko an sami ɓarkewar ciwon a ajin yaron ko a islamiyyarsu. Ya ce da amsar ɗaya ta zama e, ko da ciwon ya ci gaba da zagaya 'yan gidan, da ya ba shi magani na musamman. Da yake babu ko ɗaya, ya sallame mu ba tare da ƙwaya ko guda ba, kuma kowa ya san kantin maganin asibitin yana nan a bakin ƙofa, da ya rubuta da na saya ba tare da musu ba. Batun wanzami kuwa ya hana shi kai tsaye, ya ce cire belu ba ya korar ƙwayar, sai dai ya jawo zubar jini da shigar wata cutar.

Inda suka gaza ba zan ɓoye ba. Mun yanki kati da ƙarfe 9 na safe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, a ɗakin jira mai cunkoso inda masu tari da jarirai ke zaune benci ɗaya, abin da bai dace da asibitin da ya san yadda cuta ke bin numfashi ba. An ce sakamakon awo zai fito cikin kwana biyu, amma sai a na uku na same shi, bayan na je da ƙafata sau biyu, ba wanda ya kira ni duk da sun karɓi lambata. Kuɗin awon kuma ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, kuma ba a faɗa maka shi sai ka isa wurin biya.

Duk da haka, can zan sake kai yarana, kuma ina ba duk wanda ɗansa ke fama da ciwon wuya mai dawowa shawarar ya nemi inda ake awo irin wannan, ya je da sassafe, ya tambayi kuɗin tun a wurin kati. Yaron ya koma makaranta washegari, kofinsa ya koma cikin na 'yan'uwansa ana wanke su tare da sabulu, kuma likitan ya ce mu dawo da shi ranar da muka ga zazzaɓi da wahalar haɗiya, ko kumburin gaɓoɓi, ko fitsari ya koma launin shayi.